Daga Kafi Zuwa Bulo: Tarihin Dangar Gidan Bahaushe

Wanda ya buɗe taswirar Arewacin Nijeriya zai ga wata kalma tana ta maimaita kanta a sunayen garuruwa. Akwai Kafin Hausa a Jigawa, Kafin Madaki a Bauchi, Kafin Maiyaki a Kano, Kafin Soli a Katsina, ga kuma Keffi ta jihar Nasarawa, wadda asalin sunanta Kafi ne, rubutun Turawa ya mayar da shi haka. Kafi shi ne itatuwan da ake kakkafawa a jere, a kewaye sabon mazauni da su domin tsaro, tun ba a samu halin gina ganuwa ba. Yau ba za ka tarar da ko guntun icce ɗaya daga cikin waɗancan ba, gara da damina sun daɗe da cinye su. Sunayen ne kawai suka rage suna ba da shaidar cewa garuruwa da dama a ƙasar nan daga jeren itace suka soma.

Tarihin abin da Bahaushe yake kewaye kansa da shi tarihi ne na abin da yake tsoro. A wani zamani mahara yake tsoro, a wani zamani akuyar maƙwabci, a kowane zamani kuma idon mai wucewa. Idan muka bi sawun yadda dangar kara ta rikiɗe ta zama katangar bulo mai fasassun kwalabe a kai, za mu fahimci abin da ya faru da tsaron jama'a, da mallakar ƙasa, da zaman maƙwabtaka. Za mu kuma gane dalilin da ya sa gidajenmu na yau suke riƙe zafi kamar tanderu.

Kowace kariya da abokin gabarta

Harshen Hausa bai haɗa waɗannan abubuwa a kalma ɗaya ba, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Shinge na gona ne ko garka, ana yin sa da ƙaya ko da shuka mai rai irin aguwa, dashi da bini-da-zugu, abokin gabarsa kuwa dabba ce. Darni, ko danga, na gida ne, da karan dawa ko na gero ake yinsa. Zana saƙaƙƙiyar ciyawar gamba ce da ake jinginawa a jikin itatuwa, ta fi darni tsari da rufi, ta kuma fi shi tsada. Katanga ta ƙasa ce, ana ɗora ta da tubali, ita ce alamar wanda ya zauna da gindinsa. Sai ganuwa, wadda ta kewaye gari duka. Kalmar birni ma a asali tana nufin garin da ke da irin wannan kewaye.

Darni shi ne na talaka, kuma shi ne ya fi kowanne yawa a tarihi. Aikinsa yana bin kalandar noma. Bayan an yi girbi a kaka, sai a sare kara a tara shi a ɗaure dami-dami. An fi son karan dawa saboda kaurinsa da tsawonsa, domin irin dawar ƙasar nan kamar farfara da kaura yakan haura mita uku. Magidanci zai haƙa ɗan rami mai tsawo a kan iyakar gidansa, ya kafa itatuwa masu ƙwari tsakaninsu da 'yar tazara, sannan ya jera kara a tsaye, gindinsa cikin ramin, ya mayar da ƙasa ya danne. Daga nan sai tanka: a samo sanduna ko kara mai kauri a gicciya a jikin jeren, ciki da waje, layi biyu ko uku, a ɗaɗɗaure da igiyar rama ko ta kaba ko ɓawon kalgo. Tanka ce ƙashin bayan darni. Kara ɗaya yaro ma zai karya shi, amma idan an tanke ɗaruruwa wuri guda sai jaki ya jingina bai faɗi ba. A ƙarshe a daidaita kawunan da wuƙa, a bar ƙofa.

Ba ƙusa a wannan aiki, ba kuma kuɗin leburanci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: 'yan'uwa da maƙwabta ne ke taruwa, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan. Sai dai darni ba ya daɗewa. Gara na cin gindinsa, awaki na ɓalle ganyensa, ruwa na ruɓar da igiyarsa. Shekara ɗaya ko biyu sai an sabunta. Saboda haka ya zama ma'aunin da ake auna magidanci da shi ba tare da an tambaye shi ba. Sabon darni a farkon rani yana nuna gonar mai gidan ta yi kyau, kuma yana da mutane. Darnin da ya kwanta har ana hango tsakar gida yana nuna akasin haka, abin kunya ne kuma ga mai iyali.

Rufin asiri

A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya sauka a Tasawa, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Ita ce babbar alƙarya ta farko ta ƙasar Hausa da ya shiga bayan ya ƙetaro Sahara. Cikin abubuwan da ya rubuta har da darnin da ya kewaye gidaje, ya ma kira shi da sunansa na Hausa. Ya lura cewa yana tare idon mai wucewa gwargwado, amma bai rufe cikin gida ruf ba. Baƙon ya gano ainihin aikin darni. Ba a yi shi don ɓarawo ba, domin wuƙa ɗaya ta isa ta buɗe shi. An yi shi ne don sutura.

Tsarin gidan Bahaushe gaba ɗayansa a kan wannan manufa aka ɗora shi. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Bayan zaure akwai ƙofar gida, inda samari ke kwana, sannan shigifa, sannan cikin gida, wurin mata. Ƙofofin ba sa fuskantar juna kai tsaye, don kada wanda ke tsaye a waje ya zura ido har ƙurya. Littafin Tarihin Kano ya lissafa kulle cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara, a zamanin da Shehu Al-Maghili ya zauna a birnin. Abin ya soma daga fada da gidajen malamai da attajirai, jihadin 1804 ya ƙara masa ƙarfi. Fiƙihun Malikiyya kuma yana lissafa leƙen cikin gidan maƙwabci a matsayin cutarwa da alƙali zai iya hanawa, har a sa mutum ya toshe tagar da ke kallon tsakar gidan wani.

To amma darni yana tare ido ne kawai, ba ya tare murya. Matan da ke kulle ta jikinsa suke gaisawa, ta samansa ake miƙa garwashin wuta da ɗan gishiri da ƙwaryar tuwon biki. Idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, maƙwabciya ta ji tun kafin a aika. Sau da yawa akwai 'yar kafa tsakanin gidajen dangi, wadda mata da yara ke bi ba sai sun fita titi ba. Illar wannan kusanci ita ce gobara. A lokacin hunturu, ga busasshen kara ga iska, tartsatsi ɗaya kan lashe unguwa guda. A nan karin maganar nan ta gemun ɗan'uwanka da ya kama wuta take da ma'anarta ta zahiri.

Bango ɗaya na kowa da kowa

Abin da ya sa gida zai iya wadatuwa da kariya mara ƙarfi haka shi ne akwai wata mai ƙarfi a bayanta. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ginin ganuwar birnin, ɗansa Tsaraki ya kammala. Rumfa ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623). A Zazzau kuwa har yau ana jingina tsofaffin ganuwowi da sunan Sarauniya Amina. Lokacin da Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da kusan mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma lura cewa gidaje ba su cinye ko rabin filin da ke ciki ba. Sauran gonaki ne da kududdufai da makiyaya, domin idan an yi wa birni ƙawanya mutanen karkara da dabbobinsu nan za su shigo, kuma dole a ci abinci.

Ƙananan garuruwa da ba su da ƙarfin irin wannan gini su ne ke yin kafi, su haƙa rami a bayansa, su bar sarƙaƙiyar ƙaya ta tsiro don ta karya gudun doki. Barth ya ga irin wannan a Gazawa, kusa da Tasawa, yankin da yaƙi tsakanin Maraɗi da Katsina bai bari an yi barci da ido biyu rufe ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya mayar da gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka wata manufa ta mulki, wato ribaɗi, shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu.

Gyaran ganuwa aikin gayya ne na dole. Bayan damina ana raba ta kashi-kashi ga unguwanni da masu sarauta, kowa ya fito da mutanensa su yi yaɓe. Da almuru sarkin ƙofa ya rufe ƙyaure. Ma'anar wannan tsari ita ce tsaro kaya ne na jama'a: kowa ya zuba guminsa a bango ɗaya, bangon kuma ya kare mai katanga da mai darni baki ɗaya. Ba a manta ba cewa bayi ne suka ɗauki kaso mai nauyi na wannan gumi, kuma sau da yawa masu ganuwar nan su ne maharan wasu. Duk da haka rabon aikin a fili yake. Ganuwa ta ji da maƙiyi, darni ya ji da ido.

Bayan 1903

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar Kano da igwa, a lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Bangon da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa yaɓe bai yi kwana ɗaya a gaban sabon makami ba. Daga nan amfanin ganuwa ya ƙare. Hare-haren kama bayi suka tsaya, aikin gayyar gyara ya mutu, ruwa ya shiga zaizaye ta, magina suka shiga ɗibar ƙasarta.

Zaman lafiyar ya fitar da mutane daga cikin garuruwa. Manomi da a da yake tafiya mai nisa zuwa gona ya dawo kafin a rufe ƙofa, yanzu sai ya kafa gida a tsakiyar gonarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daji ya shiga komawa gona. Wannan ne zamanin da darni da shinge suka fi yaɗuwa. Inda gonaki suka matsu, sai a bar burtali, hanyar shanu da shinge ya dafa mata ta kowane gefe, don garke ya wuce zuwa mashaya ba tare da ya yi ɓarna ba.

Kara shi ma ya sauya matsayi. A tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi, bayan girbi shanu na shiga gona su ci abin da ya rage, su bar taki. Da jama'a suka ƙaru, itacen girki ya yi wuya, sai kara ya zama makamashi, ya zama abincin dabbobin gida, ya zama hajar da ake lodawa a amalanke a kai kasuwa. Manomi ya daina barin ko tsinke a gona. Takin zamani ya rage masa buƙatar kashin shanu, burtali kuma aka yi ta gutsurarsa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma kaɗan ne daga cikinsu aka tabbatar a hukumance. Wani ɓangare na rikicin manoma da makiyaya da ke cin rayuka a yau daga nan ya samo tushe: abin da a da ake bari a gona kyauta ya zama dukiyar da ake faɗa a kanta.

Zamanin bulo

Turawan mulki ba su zauna a bayan dogayen bangaye ba. Tazara ce kariyarsu. Dokar garuruwa ta 1917 da tsarin da ya biyo bayanta sun tanadi filin da ba a gini, mai faɗin yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar gudun zazzaɓin sauro. A Nasarawa ta Kano da makamantanta a Kaduna da Zariya, gida yana tsakiyar fili ne, ɗan gajeren shingen furanni ya kewaye shi. Da manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje bayan 1960, sai suka tarar ginin bai san da kulle ba, bai san da zaure ba. Abu na farko da da yawansu suka ƙara shi ne kewaye.

Abubuwa uku suka haɗu suka ɗaga katangar sama. Na farko siminti. Masana'antar Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 kuma suka sa ma'aikaci ya iya sayensa. Na biyu tsoro. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai suka bazu, fashi ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta yi dokar 1970 da ta tanadi kisa ga ɗan fashi da makami. Na uku ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, fuloti ya zama kadara mai takarda, kuma wanda bai kewaye nasa ba yana iya wayar gari ya ga wani ya zuba yashi. Shi ya sa a gefen kowane birni za ka ga katanga da ƙofar ƙarfe sun kewaye ciyawa zalla, ba ko ɗaki ɗaya a ciki.

A kan bulo aka dasa fasassun kwalabe, daga baya aka nannaɗa waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a Amurka a 1874 domin tsare shanu, sannan aka zo da wayar lantarki. Aikin da a da ganuwa ɗaya take yi wa dubban mutane ya dawo kan kowane magidanci shi kaɗai, gwargwadon aljihunsa. Ita kuwa ganuwar Kano, an sa ta a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, amma shaguna da gidaje sai ƙara hawa kanta suke yi.

Me ya hana katako karɓuwa?

Mai kallon finafinan Amurka ya san farar dangar katako mai tsaga-tsaga, wadda tsayinta bai wuce ƙugu ba. Ta yaɗu a can ne saboda dazuzzuka sun wadata, injinan tsaga katako da na ƙera ƙusa kuma suka karya farashi a ƙarni na 19. Aikinta nuna iyaka da ƙawata gida, an yi ta ne don a gani a kuma hango abin da ke bayanta. A ƙasar Hausa duk sharuɗɗan nan babu. Katako daga kudu ake kawo shi, gara ba ta raga masa, shi ya sa magina suka dogara da azarar giginya. Uwa uba, dangar da ake hango tsakar gida ta samanta ba ta yi aikin da Bahaushe yake nema ba.

Sai dai akwai abin da dangar katako da darni suka yi tarayya a kai, wanda bulo ya rasa, wato iska. Masana aikin gona sun tabbatar cewa kariya mai ƙofofi ta fi toshasshiya iya karya ƙarfin iska. Toshasshen bango yana tura iska sama, ta faɗo a bayansa tana juyi da ƙura, shi kuma ya ɗauki dukan nauyinta, abin da ke kayar da katangu marasa ginshiƙi a guguwar farkon damina. Mai ƙofofi kuwa tace iskar yake yi, ta wuce a hankali, kariyarsa ta kai nisan da ya ninka tsayinsa sau goma ko fiye. A kan wannan ilimi aka dasa layukan darbejiya a kwarin Majiya na jihar Tawa tun daga 1975, amfanin geron da ke tsakaninsu kuma ya ƙaru. Ga kuma zafi: bulo yana shan rana wuni guda, ya yi ta amayar da ita cikin dare, a watannin Maris da Afrilu da mutane ke neman inda za su shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kara ba ya ajiye zafi.

Wanda yake so ya kafa irin wannan danga a gidansa yau, ko don raba tsakar gida, ko kewaye lambu ko turken dabbobi, ƙa'idojin masu darni ne za su yi masa jagora. Ƙarfin aikin yana ga ginshiƙai: a binne kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, tazararsu kada ta wuce mita biyu, idan da hali a yi su da bututun ƙarfe a dasa cikin kankare. A gicciya tanka biyu ko uku. Katako ko gora ko gwangwala da za a jera a shafe su da maganin gara, a ɗaga gindinsu daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Idan ana son sutura, a jera layi biyu, ciki da waje, kowane katako na ciki ya rufe tsagar na waje. Ido ba zai wuce kai tsaye ba, iska kuwa za ta wuce.

Ba wanda zai ce wa mai iyali a Gusau ko Birnin Gwari ya rushe katangarsa ya koma kara a wannan zamani. Tsoron da ya ɗaga ta na gaske ne. Amma 'yan bindigar da ke zuwa a kan babura sun sha nuna cewa katangar gida ɗaya, komai tsayinta, ba ta hana su shiga, kuma ihun wanda ke bayanta da ƙyar yake kai wa maƙwabci. A wasu garuruwan Arewa maso Gabas ramuka aka koma haƙawa a kewaye gari saboda Boko Haram, dabarar da mutanen Gazawa suka sani tun kafin zuwan Barth. Tsaro ya sake nuna cewa shi kayan tarayya ne. Muddin hukuma da jama'a ba su ɗauki wannan nauyi tare ba, magidanci zai ci gaba da ƙara layin bulo duk shekara, iyalinsa kuma su ci gaba da kwana cikin gumi.